Tambaya da Amsa: Yadda Ake Kai Rigakafin Kansa Wurin Ƙwayoyin Garkuwar Jiki

Wasiƙun wannan fitowar duk a kan rigakafin kansa suke, musamman kayan da ake ƙunshe shi a ciki kafin ya shiga jiki. Masana haɗa magunguna da na ilimin garkuwar jiki ne suka amsa. Mun taƙaita wasu daga cikin tambayoyin saboda ƙarancin fili.

Assalamu alaikum. Ni ɗaliba ce a fannin haɗa magunguna. Na karanta cewa ana ɗaukar wani yanki na furotin ɗin kansa a yi wa majinyaci allura, don garkuwar jikinsa ta koyi yaƙar ƙarin. Me ya sa sai an ƙunshe shi a cikin maiƙo ko folima, wato sinadari mai doguwar sarƙa irin na roba? Me zai hana a narka shi a ruwan allura a yi kawai?

Wa alaikumus salam, Malama. An gwada abin da kika faɗa, an ma daɗe ana gwadawa, sakamakon ne bai yi armashi ba. Mu fara raba abu biyu. Akwai rigakafin da ke hana kamuwa da ƙwayar cutar da ke janyo kansa, irin na HPV mai kare mata daga sankarar bakin mahaifa, da na ciwon hanta nau'in B. Wanda kike tambaya a kai magani ne ga wanda kansa ta riga ta kama. Aikinsa ya tayar da ƙwayoyin T masu kisa, waɗanda ake kira CD8, su bi ƙwayoyin kansa su hallaka su.

Ƙwayar T ba ta koyo da kanta. Sai wata ƙwaya mai rassa da ake kira dendiritik, wadda Ralph Steinman ya gano a 1973 a Jami'ar Rockefeller, ta haɗiye antijen, wato alamar da ta bambanta ƙwayar kansa da lafiyayyiya. Ta yayyanka shi, ta ɗora guntayen a kan furotin ɗin MHC-I da ke bayanta, sannan ta bi magudanar ruwan limfa zuwa kaluluwa, inda ƙwayoyin T suke taruwa. Duk rigakafin da bai kai ga wannan ƙwayar ba, an yi ba a yi ba.

To, guntun furotin tsirara da wuya ya kai. Sinadaran enzayim na jiki suna datse shi cikin ɗan lokaci. Wanda ya tsira kuwa, ƙanƙantarsa ta sa yake faɗawa jijiyoyin jini, ƙoda ta tace shi ta zubar. Akwai ma abin da ya fi wannan muni. Gajeren guntu mai amino asid 8 zuwa 10 yana iya manne wa MHC-I na kowace ƙwaya kai tsaye, har da waɗanda ba aikinsu ba ne koyar da ƙwayoyin T. Idan ƙwayar T ta ga antijen ba tare da alamar haɗari ba, abin da take koya shi ne ta ƙyale shi. Kamar ki nuna wa mai gadi hoton mutum ba ki ce masa ɓarawo ba ne. Gobe in ya gan shi, buɗe masa ƙofa zai yi.

Shi ya sa ake haɗa antijen da sinadarin faɗakarwa, mai kwaikwayon shigowar ƙwayar cuta. Ƙwayar dendiritik tana da furotin masu jin haɗari da ake kira TLR. Cikin sinadaran faɗakarwa, CpG yana taɓa TLR9, poly(I:C) yana taɓa TLR3, MPLA kuma TLR4. Amma in aka zuba su biyun a ruwa ɗaya aka yi allura, kowa hanyarsa zai kama. Sinadarin faɗakarwa ya bazu cikin jini ya kawo zazzaɓi da ciwon jiki, antijen ya je hannun wata ƙwaya da ba a faɗakar ba. Babban amfanin mazubi, wato abin da ake ƙunshe su a ciki, shi ne ya riƙe su tare har su shiga ƙwayar dendiritik guda a lokaci guda. Kariya daga enzayim da rage illa duk suna biyo bayan wannan ne.

Kada ki ce ai akwai alam, gishirin aluminiyam ɗin da aka daɗe ana sawa a rigakafin yara. Alam gwani ne wajen sa jiki ya yi antibodi, amma rago ne wajen tayar da CD8, su kuwa ake nema a nan.

Ina aiki a ɗakin gwaje-gwaje. Kullum sai in ji ana jaddada girman ƙwayoyin nano. Ina ruwan girma da aikin rigakafi? Kuma yaya ake haɗa ƙunshin maiƙon nan mai ɗauke da mRNA, saƙon gadon da ke sa ƙwayar jiki ta ƙera antijen?

Malam, girma shi ke zaɓa wa ƙwayar hanyar da za ta bi. Idan aka yi allura a fata ko ƙarƙashinta, abin da bai kai kusan nanomita 10 ba (nanomita kashi ɗaya ne cikin miliyan na milimita) jini yake shiga. Tsakanin 10 da 100 yana ratsa saƙar nama ya bi ruwan limfa da kansa zuwa kaluluwa cikin sa'o'i. Abin da ya haura 200 akasari zama yake a wurin allurar, yana jiran ƙwayar dendiritik ta zo ta ɗauke shi. Wani aiki da ƙungiyar Melody Swartz da Jeffrey Hubbell suka fitar a 2007 ya nuna ƙwayoyi masu nanomita 25 sun isa kaluluwa fiye da masu 100 nesa ba kusa ba. Ƙungiyar Darrell Irvine a MIT ta ɓullo da wata dabarar a 2014: a liƙa wa antijen ko CpG wutsiyar maiƙo, sai ya manne wa furotin ɗin albumin da ke ruwan nama, albumin ya goya shi zuwa kaluluwa.

Caji ma yana da tasa rawar. Rigakafin kamfanin BioNTech da ake yi ta jijiya an auna maiƙo da RNA ɗinsa yadda ƙunshin zai ɗan rinjaya zuwa cajin negetif, shi ya sa yake sauka a saifa, inda ƙwayoyin dendiritik suke da yawa. In aka ƙara maiƙo har cajin ya koma fosetif, huhu yake tafiya.

Shi ƙunshin maiƙo da aka fi sani, sinadarai huɗu ne. Akwai maiƙo mai sauya caji, kusan kashi 50 cikin 100 a lissafin mol, kolestarol 38.5, wani maiƙo mai suna DSPC 10, sai maiƙo mai ɗauke da folimar PEG 1.5. Ana narka maiƙon duka a itanol, mRNA kuma a ruwan bafa mai tsami, pH kusan 4. A wannan tsamin maiƙo na farko yana ɗaukar cajin fosetif, sai ya cafke mRNA mai negetif. Ana tura ruwan biyu su haɗu da sauri a cikin siririyar hanya, kashi 3 na ruwan mRNA, kashi 1 na itanol. Daga nan sai dayalisis, a cire itanol a mai da pH zuwa 7.4, inda maiƙon ke ajiye cajinsa, abin da ke rage masa guba a jiki. A ƙarshe a tace da matata mai maikiromita 0.22. Abin da ake fata shi ne ƙwayoyi masu nanomita 80 zuwa 100 masu girma kusan ɗaya.

In ka ga sun fito manya ko girmansu ya sha bamban, ka fara duba saurin haɗawar da kuma jinkirin cire itanol. Ƙarancin PEG yana sa su dunƙule; yawansa yana hana ƙwayoyin jiki haɗiye su. RNase kuwa, enzayim mai datse RNA, wanda ke kan fatar hannu da teburin aiki, yana iya cinye mRNA ɗin tun kafin a fara, ka ƙare da ƙwayoyi masu kyan gani da ba komai a cikinsu.

Inda gizo ke saƙar shi ne bayan haɗiya. Ƙunshin yana faɗawa wata 'yar jaka a cikin ƙwayar da ake kira endosom. Tsamin jakar yana mayar wa maiƙon da cajinsa, ya yaga bangon, mRNA ya fita. A wani awo da aka yi da siRNA, wani gajeren nau'in RNA, a 2013, kashi 1 zuwa 2 cikin 100 ne kacal suka kuɓuta, sauran aka narkar da su. A ganinmu wannan ƙofar ta fi cancantar wahalar mai bincike fiye da ƙara gyaran girma.

Ni ma'aikaciyar jinya ce a sashen masu kansa. Na ji wai akwai rigakafin da ake dasawa a ƙarƙashin fata kamar ƙwayar magani. Gaskiya ne? Me ke cikinsa?

Gaskiya ne, Sista, kuma tunanin da ya haife shi abin sha'awa ne. A 2010 hukumar FDA ta Amurka ta amince da Provenge domin kansar furostet. Ana tace ƙwayoyin garkuwa daga jinin majinyaci, a kai su masana'anta a horar da su da antijen, a dawo a ƙara masa ta jijiya, sau uku, kusan mako biyu tsakani. Ya ƙara wa matsakaicin tsawon rai wata 4.1. Aiki ne mai wahala da tsada. Sauran rigakafin da ake horar da ƙwayoyin dendiritik a waje ma suna da tasu matsalar, domin waɗanda ke isa kaluluwa bayan allura sau da yawa ba su kai kashi 5 cikin 100 ba. Sai ƙungiyar David Mooney a Harvard ta ce, maimakon a fitar da ƙwayoyin, a gina musu wurin horo a cikin jiki.

Abin da suka fitar a 2009 ɗan faifai ne na folimar PLG, dangin wadda ake zaren ɗinkin tiyata mai narkewa da ita, faɗinsa milimita 8.5. Ana ƙunshe furotin ɗin GM-CSF a cikin ƙananan ƙwayoyin folimar, a gauraya da garin ƙari da aka farfasa ta hanyar daskarewa da narkewa aka busar, da CpG, da gishirin da aka tankaɗe zuwa maikiromita 250 zuwa 425. A danne su su zama faifai, a sa a tukunyar iskar kabon mai matsi kusan 800 psi. Da an saki matsin da sauri, folimar ta kumbura ta manne da juna. Sai a jiƙa a ruwa gishirin ya narke, ya bar ramuka masu haɗe da juna. Soso ke nan, mafi yawansa iska. An zaɓi wannan hanyar ne don ba ta bukatar zafi mai lalata furotin.

Kowane sinadari da aikinsa. GM-CSF yana fita sannu a hankali yana kiran ƙwayoyin dendiritik su shigo ramukan. A ciki su tarar da antijen, CpG ya faɗakar da su, su fice zuwa kaluluwa. A ɓera ana sa kusan maikirogiram 3 na GM-CSF da 100 na CpG. Da aka dasa kafin a sa wa ɓerayen melanoma, wato kansar fata, kashi 90 cikin 100 sun rayu. A 2013 aka fara gwajin mataki na 1 a kan mutane a cibiyar Dana-Farber da ke Boston, da sunan WDVAX.

Matsalolinsa ba ɓoyayyu ba ne. GM-CSF in ya yi yawa, ƙwayoyin su shigo su ƙi fita, har ma ya janyo wasu ƙwayoyin da aikinsu danne garkuwa ne. In ramukan ba su haɗe ba, ƙwayoyin a baki suke tsayawa. Jiki kuma yana iya kewaye soson da tabo ya toshe hanyar shiga. Garin ƙari yana ɗauke da furotin na lafiyayyun ƙwayoyi fiye da na kansa, don haka alamar da ake so tana iya nutsewa a cikin tarkace. Ga kuma yanka, komai ƙanƙantarsa.

Don kauce wa wuƙa aka yi iri biyu masu shiga ta allura, dukansu a 2015. Ɗaya sandunan silika ne masu ƙananan ramuka, tsawonsu gomman maikiromita, waɗanda ke tsibuwa birjik a ƙarƙashin fata su bar sarari a tsakaninsu. Ɗayan kuwa aljinet ne, folimar da ake samu daga ciyawar teku, da aka haɗa a sanyin digiri 20 ƙasa da sifili. Ƙanƙara ta yi ramukan, in ta narke sai a sami soso mai matsewa ya wuce ta bakin allura ya koma siffarsa.

Ashe ba mazubin da ya fi daɗewa yana sakin antijen ne ya fi kyau ba?

A'a, Malam. A 2013 ƙungiyar Willem Overwijk a cibiyar MD Anderson ta nuna haka a ɓeraye. Sun yi allurar guntun furotin gp100 a cikin man IFA, ɗan'uwan man Montanide da aka yi amfani da shi a gwaje-gwajen mutane da yawa. Man ba ya narkewa, sai antijen ya zauna wata da watanni. Ƙwayoyin T sun tashi, amma maimakon su nufi ƙarin, sai suka riƙa komawa wurin allurar, inda alamar ta fi yawa, suna gajiya suna mutuwa a can. Da aka canza zuwa mazubin da ke gushewa da wuri, sai suka nufi ƙarin. Saki na kwanaki zuwa 'yan makonni yana taimako. Abin da ake so shi ne mazubin ya gama aikinsa ya ɓace.

Mahaifina yana fama da kansa. Don Allah, akwai ɗaya daga cikin waɗannan da za mu iya nema masa?

Allah ya ba Baba lafiya, ya saka muku da alheri a kan jinyar da kuke yi. Za mu gaya maka yadda abin yake, ɗan'uwa, ba tare da ƙari ba.

Waɗanda suka fi nisa su ne na mRNA da ake haɗa wa kowane majinyaci nasa. Ana cire ƙarin a tiyata, a karanta ƙwayoyin gadonsa a gwada da na lafiyayyen jini, a zaɓi sauye-sauyen da garkuwa za ta iya gani, a rubuta su a mRNA. Na kamfanonin Moderna da Merck yana ɗaukar alamu har 34, ana yin sa a tsoka duk mako uku har sau tara, tare da maganin pembrolizumab mai cire wa ƙwayoyin T birki. A gwajin da aka yi da mutum 157 da aka cire wa melanoma, haɗin ya rage haɗarin dawowar cutar ko mutuwa da kashi 44 cikin 100 idan aka gwada da pembrolizumab shi kaɗai. Gwajin mataki na 3 ya fara a 2023.

Na BioNTech, mai alamu har 20, an gwada shi a asibitin Memorial Sloan Kettering a kan masu kansar fankiriyas, aka buga sakamakon a 2023. Cikin mutum 16, garkuwar 8 ta amsa, kuma su ne cutar ta fi jinkirin dawo wa. Akasarin waɗanda aka cire wa saifa a tiyatar ba su amsa ba, ga shi kuwa saifa ce masaukin wannan rigakafin. Daga tiyata zuwa allurar farko an ɗauki kusan mako tara.

Ka lura da abu biyu. Duk waɗannan alkaluman na gwaji ne, kuma an same su a kan mutanen da aka riga aka cire wa ƙarin, ana farautar ragowar da ido ba ya gani. Babban ƙari yana da dabarun kare kansa: ya daina nuna MHC-I, ko ya kashe wa ƙwayoyin T gwiwa ta hanyar furotin ɗin PD-L1. Shi ya sa ake haɗa rigakafin da magungunan da ke cire wannan birkin. Ka tambayi likitan da ke duba Baba ko akwai gwaji mai rajista da ya dace da nau'in kansarsa da matakinta. Kada a dakatar da tiyata, ko ƙona ƙari da haske, ko maganin da ake ba shi saboda jiran wannan. Duk wanda ya ce yana da kwalbar rigakafi guda mai maganin kowace kansa, ku yi nesa da shi.

Ina digiri na biyu. Na haɗa ƙwayoyin folimar PLGA, wadda ake kira PLG ma, da antijen, amma fiye da rabi yana fita a rana ta farko, ragowar kuma in ya fito ba ya aiki. A ɓeraye kuwa har ƙwayoyin da ba komai a cikinsu suna tayar da garkuwa. Ina kuskuren yake?

Matsala uku ce kika haɗa, Malama, kowace da tushenta.

Fitar farko ta antijen ɗin da ya zauna a bayan ƙwayar ne ko a ramukan kusa da baki. Muna ɗauka hanyar gauraya sau biyu kika bi: antijen a ruwa, PLGA a dayikuloromitan mai narkar da ita, a girgiza da na'urar sauti, a juye cikin ruwan folimar PVA mai kashi 1 zuwa 2, a motsa sa'o'i har mai narkarwar ya tashi. Ki rage yawan ruwan ciki, ki ƙara kaurin folimar, ki rage antijen ɗin da kike lodawa, ki wanke sau uku. Wajen busarwa cikin daskarewa ki sa tirehalos ko sukuros, in ba haka ba ƙanƙara za ta tsattsage ƙwayoyin. In kina son jinkiri, ki bar PLGA mai haɗin laktik da gilaikolik 50:50, wadda ta fi saurin narkewa, ki koma 75:25 ko 85:15.

Lalacewar ragowar daga wuri biyu take. Furotin yana warwarewa a inda ruwa ya haɗu da dayikuloromitan, zafin girgiza kuma ya ƙara masa. Ki yi girgizar a kan ƙanƙara, a gajerun bugu. Na biyun ya fi ɓuya. PLGA tana narkewa ne zuwa asid ɗin laktik da gilaikolik, su kuma suna taruwa a cikin ƙwayar har pH ya faɗi ƙasa da 3, alhali ruwan da ke waje yana nuna 7.4 lafiya lau. Ƙungiyar Steven Schwendeman ta nuna a 2000 cewa ɗan magniziyam haidiroksaid, kusan kashi 3 cikin 100 na nauyin folimar, yana kare furotin daga wannan tsamin. Kuma ki daina dogaro da awon yawan furotin kawai, domin lalatacce da lafiyayye duk ɗaya yake ƙirga su. Ki duba da jel ko gwajin antibodi na ELISA, ko ki ba ƙwayoyin dendiritik ki ga ko za su tayar da ƙwayoyin T.

Ta ukun, kusan kullum endotoksin ne, ɓawon bakteriya mai taɓa TLR4. Yana shigowa ta ruwa, ta kwalabe, ta PVA, ta antijen ɗin kansa. Obalbumin na kasuwa, furotin ɗin farin ƙwai da ake sawa a matsayin antijen na gwaji, ya yi ƙaurin suna a nan. (Shi obalbumin ma baƙo ne ƙwarai ga jikin ɓera, saboda haka nasara a kansa ba ta nuna za a yi nasara da antijen na ainihin kansa.) Otokilef, tukunyar tururi mai kashe ƙwayoyin cuta, ba ya kashe endotoksin, matatar 0.22 ma ba ta riƙe shi. Kwalabe sai an gasa su a busasshen zafi na digiri 250 na aƙalla minti 30. Ita folimar ba ta jure otokilef, hasken gamma kuma yana datse sarƙarta ya sauya saurin sakin, don haka ki tace kowane ruwa tun kafin haɗawa, ki yi aikin duka a tsaftataccen akwati. Ki auna kowane kaso da gwajin LAL mai gano endotoksin, ki ɗiga endotoksin da kika san yawansa a wani samfurin don ki tabbata ƙwayoyin ba sa ɓoye shi. Sai kin ga ƙwayoyin da ba komai a cikinsu sun yi shiru a ɓera sannan ki fara gwada masu antijen.